Jirin da ke biyo bayan zazzaɓi: a auna kafin a ce raki ne

Ƙanwata malamar firamare ce a nan cikin birnin Kano. A shekarar 2021 ta kwanta zazzaɓi da mura mai zafi, hancinta ya daina jin ƙanshi, bayan mako biyu ta miƙe, muka yi mata barka. Sai dai tun daga lokacin tsayuwa ta zame mata aiki. Da ta yi minti biyar a gaban allo sai zuciyarta ta shiga dukan uku-uku, jiri ya ɗebe ta, idonta ya yi duhu, gumi ya karyo mata. Idan ta samu wuri ta kwanta, sai komai ya lafa kamar ba ita ba. Sau uku ana yi mata allurar taifod a kemis. A wani asibiti aka duba ta tana zaune, aka ce: "Hajiya, lafiyarki ƙalau, ki dai rage tunani." Gwaggonmu ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Dangin miji kuwa ba su ɓoye ba, sun ce son jiki ne. Ranar da ta ce mini, "Yaya, ni kaina na fara zargin kaina," ranar na san an yi mata ɓarnar da ta fi ciwon.

A jikin ɗan Adam akwai wasu jijiyoyi da ke aiki ba tare da an ba su umarni ba. Su ke daidaita bugun zuciya, da ƙarfin gudun jini, da gumi, da narkar da abinci, da riƙe fitsari, har da buɗewa da tsukewar ƙwayar ido. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita ko fiye yana gangarawa ciki da ƙafafu. A jikin mai lafiya, nan take waɗannan jijiyoyi ke matse hanyoyin jini, su ɗan ƙara bugun zuciya, jinin ya koma sama, mutum bai ma san an yi ba. Idan tsarin ya samu tangarɗa, jinin sai ya taru a ƙasa, zuciya ta yi ta gudu don ta cike giɓin, kai ya yi nauyi, tunani ya dushe. Shi ya sa mai wannan lalura yake zama garau a kwance, amma layin banki ko tsayuwar girki su kayar da shi.

Likitoci na kiran ɗaya daga cikin nau'o'in wannan lalura da suka fi yawa POTS, wato hauhawar bugun zuciya idan mutum ya miƙe tsaye, sunan da wasu likitocin asibitin Mayo a Amurka suka raɗa masa a 1993. Ma'auninsa a fili yake: bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ɗaya cikin minti goma na tsayuwa, ko 40 ga masu shekara 12 zuwa 19, ba tare da awon jini ya faɗi ba, kuma alamun sun kai aƙalla wata uku. Ya fi kama mata, musamman daga balaga zuwa shekara 50, kuma da yawa daga masu shi sukan ce ya fara ne bayan wani zazzaɓi na ƙwayar bairos. An san haka tun kafin korona, amma korona ce ta yawaita su har duniya ta waiwayo. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar abin da ake kira doguwar korona: alamun da ke tare da mutum wata uku bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cuta da ta bayyana dalilinsu. Gajiya mai tsanani, da haki, da dushewar tunani su ne kan gaba, kuma rikicewar waɗannan jijiyoyi na cikin abin da ake samu a tattare da masu ita.

Wani zai ce ai korona ciwon Turawa ne, ba ta yi mana komai ba. Wanda ya zauna a Kano a watan Afrilun 2020 ya san abin da masu haƙar kabari suka gani. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗa daga baya cewa an ƙirga mutuwa 979 a birnin cikin wancan lokaci, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da nasaba da korona. Waɗannan su ne waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙan su. Waɗanda suka kamu suka tashi sun ninka su nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu ba a taɓa yi musu gwaji ba, domin a lokacin mutane gudun gwajin suke yi saboda tsoron killacewa. To wanda bai san ya yi cutar ba, ta yaya zai danganta jirinsa na yau da murar da ya yi shekarun baya? Kuma ba korona kaɗai ke barin baya da ƙura ba. Zazzaɓin Lassa yana barin wasu da kurumta, waɗanda suka tsira daga Ebola a Saliyo da Laberiya da Gini kuma sun daɗe suna fama da ciwon gaɓoɓi da na ido da gajiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin awon POTS. Na'urar awon jini da agogo sun isa a fara. Mara lafiya ya kwanta minti biyar zuwa goma a auna bugun zuciyarsa da jininsa, sannan ya miƙe ya tsaya shiru, a riƙa aunawa lokaci-lokaci har minti goma, da wani a kusa ko da zai faɗi. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin unguwa zai iya yi. Amma mu a zaune ake auna mu, sau ɗaya, kuma a zaune wannan ciwo ɓuya yake yi. Da haka aka sallami ƙanwata. Likitan da a ƙarshe ya sa ta kwanta ta tashi ya ga bugun zuciyarta ya haura daga 78 zuwa 124, bai yi amfani da wani abin da babu shi a asibitin farko ba.

Na san hujjar da za a kawo, kuma ba ta banza ba ce. Likita ɗaya da layin mutum ɗari a bakin ƙofa, ga maleriya, ga tamowa, ga mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, ina ya ga minti ashirin na ciwon da ba ya kisa? Sai dai a lissafa abin da rashin awon ke ci. Mai wannan lalura ba ya zama a gida, yawo yake yi daga kemis zuwa asibiti zuwa mai maganin gargajiya, yana biyan kuɗin gwajin taifod ɗin nan da likitoci da kansu suka san ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, yana shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ba ya buƙata, yana dawowa layin nan dai da ake kuka da tsawonsa. Awon ma yana taimakon wanda ba POTS ke damunsa ba, domin kafin a tabbatar da shi dole a duba ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a matanmu, da ciwon suga, da matsalar maƙoƙo, da ciwon zuciya na ainihi.

Ba ni da ja da addu'a, mu ma mun yi, muna kan yi. Abin da nake ja da shi shi ne a yanke wa yarinya hukuncin aljanu don ta yanke jiki ta faɗi a layin asambule cikin zafin Afrilu, alhali ba wanda ya taɓa riƙe hannunta ya ƙirga bugun zuciyarta. Addinin ma ya sauƙaƙa. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kishingiɗe, kuma Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwamen azumi. Ya kamata malamanmu su riƙa tuna wa jama'a wannan, don matashiyar da ta zauna a sahun tarawihi ta daina shan harara.

Ciwon ba shi da maganin sha yanzu magani yanzu, amma ana samun sauƙi sosai. Ana shawartar mai shi ya sha ruwa lita biyu zuwa uku a rana, ya ƙara gishiri, ya sa safa mai matse ƙafa, ya ci abinci kaɗan-kaɗan maimakon cika ciki lokaci guda, ya tashi a hankali, ya guji rana. Maganar gishirin nan sai da izinin likita, domin ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda illa ce, kuma hawan jini ya cika gidajenmu. Akwai magungunan rage gudun zuciya da na riƙe ruwa a jiki da likita kan rubuta. Motsa jiki kuma daga kwance ko zaune ake fara shi, kuma wasu masu doguwar korona in suka matsa wa kansu sai su kwanta kwana biyu ko uku, don haka "daure ki tashi" na iya mayar da hannun agogo baya.

Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha da manyan asibitocinmu, irin su Malam Aminu Kano da Murtala, ƙarami ne: takarda shafi ɗaya da Hausa da Turanci a kowane asibitin unguwa, mai cewa duk wanda ya zo da jiri da faɗuwar gaba bayan zazzaɓi a auna shi a kwance, a auna shi a tsaye. Ƙanwata ta koma aji. Shugabar makarantarsu ta sa an ajiye mata doguwar kujera kusa da allo, da gorar ruwa a gefenta, kuma daga Maris zuwa Mayu an mayar da darussanta na safe.