Ƙungiyoyin Matan Katsina da Kakar Zaɓe: A Fara da Littafi Kafin Anko

Assalamu alaikum. Maganata ta yau da iyayenmu da 'yan'uwanmu masu jan ragamar ƙungiyoyin mata na siyasa take, daga Rafindaɗi zuwa Ƙofar Marusa, daga Sabuwar Unguwa zuwa Shinkafi. Da kakar zaɓe ta kama, ƙungiyoyin nan su ne ke cika fili. Su ake kira a raba wa atamfa mai hoton ɗan takara, su ke rangaɗa guɗa, su ke shan rana tun hantsi suna jiran mai girma ya iso bayan la'asar. Ana rantsar da gwamnati kuma a daina ɗaga wayarsu. Ni a ganina ba butulcin 'yan siyasa kaɗai ke jawo haka ba. Ƙungiyar da ba ta da abin nunawa sai yawan kawuna a wurin taro, kuɗin mota za a ba ta a sallame ta, don an san gobe waɗannan kawunan za a gani a taron abokin hamayya. Wadda ake tsoron ɓata wa rai ita ce mai iya cewa: a rumfa kaza muna da mata kaza masu kati a hannu, ga sunayensu, kuma mun san hanyar da za su bi su isa akwati.

Ku duba zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023. A jihar Katsina PDP ta samu ƙuri'a 489,045, APC ta samu 482,283. Tazarar 6,762 ce kacal, a jihar da ke da rumfunan zaɓe 6,652. Wato kusan ƙuri'a ɗaya a kowace rumfa ita ta raba gardama. A lokacin kuma masu rajista sun haura miliyan uku da rabi, waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Duk macen da ta taɓa cewa "ƙuri'ata ɗaya me za ta canza", a karanta mata wannan lissafin. Sannan a tuna mata cewa majalisar dokokin jihar mai kujeru 34 da aka zaɓa a shekarar ba ta da mace ko ɗaya. Matan Arewa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan hakan. Abin da aka samu da wannan wahalar bai kamata a bayar da shi a kan ƙullin taliya da sabulu ba.

To, littafin da za a rubuta sunayen matan ƙungiya a ciki. Babban littafi guda mai bango mai ƙarfi, kuma a raba shi rumfa-rumfa, ba unguwa-unguwa ba, domin unguwa ɗaya kan ƙunshi rumfuna da dama, kuma a rumfa ake ƙirga. A jikin kowane katin zaɓe akwai lambobi kashi huɗu: na jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓa, na rumfa. Na Katsina da 20 yake farawa. Idan katin mace bai fara da 20 ba, ba a jihar nan za ta yi zaɓe ba, ko shekara nawa ta yi tana zuwa taro. A kowane layi a rubuta sunan mace, gidan da take, lambar waya idan akwai, rumfarta, sai matsayin katinta: yana hannu, ya ɓata, ya lalace, ko ba ta karɓo ba. Iyakar abin da za a rubuta ke nan. Kada a kwafi doguwar lambar katin, kada a ɗauki hotonsa, kuma kada shugaba ta kuskura ta tara katunan mambobi a jakarta da sunan adanawa. Riƙe katin wani laifi ne a doka, kuma daga nan cinikin ƙuri'a ke somawa. Duk ɗan siyasar da ya aiko a tattara masa lambobin kati "don a saka ku cikin tallafi", a ce masa a'a cikin ladabi.

Mace ɗaya ba za ta iya bin gida ɗari ba. A ɗora wa kowace mai aiki gida goma na layinsu, gidajen da take shiga ba sai an yi mata iso ba. A kowace rumfa a samu mata uku da waɗannan masu gida goma-goma za su riƙa kai wa rahoto. Anan ne mata suka fi maza nisa ba kusa ba: ɗan siyasa namiji iyakarsa zaure, mace kuwa har ƙuryar ɗaki.

Da an fara cika littafin, matsalar farko da za ta bayyana ita ce aure. Yarinya ta yi rajista a gidan iyayenta a Wakilin Kudu, an ɗaura mata aure an kai ta Batagarawa ko Daura, katinta yana nan a tsohuwar rumfa. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, ba ta da hanyar dawowa, ƙuri'ar ta tafi. Maganinsa a nemi sauyin rumfa a ofishin hukumar zaɓe ta INEC lokacin da aka buɗe rajista. Abin da bai kamata ta yi ba, kuma shi mata da yawa ke yi cikin rashin sani, shi ne sake sabuwar rajista. Na'ura tana gane yatsa da fuska, sabuwar rajistar za ta faɗi, ta yi ta zarya neman katin da ba za a taɓa bugawa ba. A rajistar da aka rufe a 2022, hukumar ta soke sama da miliyan biyu a faɗin ƙasa, akasari saboda irin wannan maimaici. Haka wadda katinta ya ɓata: sake bugawa za ta nema. Kuma rajista ana rufe ta watanni kafin zaɓe, ba a fafe gora ranar tafiya. Karɓar kati ma ba a aike. Mai kati ce za ta je da ƙafarta. Idan hukumar ta sanar da kwanakin da za ta sauko da katuna matakin mazaɓa, a tsara mata biyar-biyar su tafi tare, wata ta zauna da yaran.

Maganar izini kuwa a gama ta da wuri. Mace mai kulle ba a ranar zaɓe ake nema mata iznin fita ba. Dattijuwar da ake jin nauyinta ta yi wa maigida magana tun da sauran makonni, a faɗa masa da wa za ta fita da lokacin da za ta dawo. Ƙungiya ta kai gaisuwa wurin mai unguwa da liman tun farkon tafiya, a san da zamanta. Mafi yawan mazan da ke hanawa tsoron rigimar ƙauraye da cakuɗuwa suke, kuma idan sun ji tsarin sukan sassauto.

Sai kuɗi, wanda shi ke kashe ƙungiyoyin mata fiye da komai. Ƙungiyar da ɗan takara ya saya wa kujeru, ya buga wa allo, ya biya wa hayar ofis, tasa ce, kuma ranar da ya faɗi ko ya sauya sheƙa ta mutu. Mun iya adashe tun kaka da kakanni, a yi amfani da wannan ilimin. Mace arba'in, kowacce naira 200 a mako, naira 8,000 ke nan. Cikin mako 26 an tara 208,000. Ya isa katin waya, kuɗin keke napep na zuwa ofishin hukumar zaɓe, kwafin takardu da ruwan sha ranar zaɓe. A buɗe asusu da sa hannun mutum uku, ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa hannu, kuma kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya. Duk abin da ya shigo daga waje, ko turmi goma ne na atamfa, a faɗe shi a gaban taro a rubuta. Rigimar da ke raba ƙungiya kusan kullum iri ɗaya ce: an ji a gari cewa an bai wa Hajiya wani abu, ita kuma ba ta faɗa ba. Ko da ba ta ci ko sisi ba, shirun ya isa ya rusa amana.

Akwai wani abu na doka da ya kamata shugabanni su sani. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce jam'iyyar siyasa ce kaɗai ke da hurumin nema wa ɗan takara ƙuri'a. Don haka ƙungiya ta zaɓi matsayinta tun farko: ko dai mambobi su yanki katin jam'iyya su yi aiki a ƙarƙashin inuwarta, ko kuma ta tsaya a wayar da kai da gabatar da buƙatu ga kowane ɗan takara. Ni na fi karkata ga a shiga jam'iyya, domin a zaɓen fidda gwani ake yanke wa talaka hukunci. Ko ta wace hanya aka bi, wanda ba ya cikin rajistar jam'iyya ɗan kallo ne. Kuma abin takaici ne a ce duk shugabannin mazaɓa kujera ɗaya tal ake ware wa mata, ta shugabar mata. Me ya hana mace neman sakatare ko ma'aji? Wanda ke riƙe da takardun mazaɓa ya fi mai riƙe da makirfo tasiri.

Idan lokacin zama da ɗan takara ya yi, kada a je gidansa a yi layi a ƙofa. A gayyato shi, da rana, ajin makaranta ko ƙofar gidan mai unguwa, babu maroƙi babu kiɗa. Buƙatu kada su wuce uku, kowacce da sunan wuri da wa'adi. "A taimaki mata" ba buƙata ba ce. Buƙata ita ce: asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu ya samu ungozoma mai kwana, don naƙudar dare ta daina zama sai an nemi mota zuwa asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, rijiyar burtsatsen layi kaza da ta tsaya a sauya mata famfo, makarantar 'yan mata kaza a gina mata makewayi. A kuma san wa ake tambaya me. Gyaran burtsatse na kansila da shugaban ƙaramar hukuma ne. Ɗaukar ma'aikatan jinya da malamai na gwamna ne, ɗan majalisar jiha kuma aikinsa ya tsaya a kai lokacin kasafin kuɗi. Idan kuka nemi sanata ya gyara muku kwata, zai ce to, domin ya san ba za a taɓa kama shi da laifin rashin yi ba. A buga buƙatun kwafi biyu, ya sa hannu, a ɗauki amsarsa a waya da saninsa. Wanda ya ƙi sa hannu ya riga ya ba ku amsa.

Mako biyu kafin zaɓe a koma koyar da dangwale, kuma wannan ne wurin da aka fi sakaci. Tsohuwa ta haddace fuskar ɗan takara daga jikin atamfarta, ta shiga wurin dangwale, sai ta tarar babu hoton kowa a takardar: tambarin jam'iyyu ne jere da gajerun sunayensu, a 2023 har goma sha takwas a ta shugaban ƙasa. Ta ruɗe, ta dangwala tsakanin gida biyu, ƙuri'a ta lalace. A zana samfuri a kwali, a sayo tawadar hatimi, kowace mace ta gwada sau uku: yatsa ɗaya, cikin gida ɗaya, a ɗan jira tawadar ta sha iska, a naɗe ta tsaye yadda jiƙaƙƙen wurin ba zai taɓa wani tambari ba. A gaya musu ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku za a ba su, ranar na gwamna biyu, kowacce da akwatinta. A roƙi mata su ɗaga ƙunshi zuwa bayan zaɓe, musamman a kan yatsu, don lalle mai kauri da kaushin aikin gida kan sa BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta kasa karanta yatsa. In ta kasa, akwai tantancewa ta fuska, kada mace ta yi fushi ta tafi. Mai niƙabi ta san da haka tun daga gida, kuma masu kula da rumfa su nemi ma'aikaciya mace ta duba ta a gefe.

Ranar kanta, ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wadda ke kan layi kafin 2:30 na rana sai ta yi zaɓe ko dare zai yi. A yi girkin rana tun asuba. Masu ciki, masu goyo, tsofaffi da masu naƙasa suna da haƙƙin a fara da su, a tuna wa malamin zaɓe cikin mutunci. Anko mai hoton ɗan takara a bar shi a gida, domin an rufe yaƙin neman zaɓe, kuma neman ƙuri'a a kusa da rumfa laifi ne. Waya ba ta shiga wurin dangwale. Mai ba da kuɗi da mai karɓa duk doka ta hau kansu.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne watsewa bayan azahar. Mata su ne ke fara cika layi, su ne kuma ke fara tafiya, alhali ƙirga da rubuta sakamako sai yamma. A raba aiki kashi biyu: masu safe, da masu karɓa daga la'asar har a gama, waɗanda aka nema musu izni na musamman kuma aka tanadi mai raka su gida. A matsa wa jam'iyya tun lokacin da take miƙa sunayen ejan, wato wakilanta a rumfa, ta saka mata masu karatu, domin ejan ne ke sa hannu a takardar sakamakon rumfa, EC8A, ya karɓi kwafi. Mai tsayawa ta rubuta adadin waɗanda na'ura ta tantance kafin a fara ƙirga; idan ƙuri'un da ke akwati suka haura wannan adadin, ana soke rumfar baki ɗaya, wahalar kowa ta tafi a banza. Ta ɗauki hoton sakamakon da aka liƙa, ta tura wa sakatariya, a ajiye shi kusa da shafin rumfar a littafi: mun ce muna da mata kaza, ga abin da ya fito.

Da wannan shafin da takardar da ya sa wa hannu za a koma wurin wanda ya ci, wata uku bayan rantsuwa, mata biyar ba gayya ba, a nemi ganinsa a rubuce a ajiye kwafin wasiƙar. Daga nan duk bayan wata uku a sake komawa, kuma adashen mako-mako ya ci gaba, a riƙa ƙara sunayen 'yan matan da suka cika shekara 18 da amaren da aka kawo unguwa.