Nasiha Kan Satar Amsa: Ga Ɗalibi, Ga Malami, Ga Mai Zuwa Roƙon Alfarma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, duk lokacin da jarrabawa ta kewayo a manyan makarantunmu na Sakkwato, za ka ga yara a gindin dogonyaro da barandar masallatai, kowa ya duƙufa kan takarda, ga zafi ga yunwa. Allah Ya ba su sa'a, Ya sa wa wahalarsu albarka. Amma akwai maganar da mu malamai muke yi tsakaninmu a ofis idan an turo ƙofa, wadda ya kamata a fito da ita fili, domin ta shafi addini tun kafin ta shafi dokar makaranta. Maganar satar amsa ce.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin wani mai sayar da abinci da ya tara shi tsibi. Sai ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambayi mai abincin, ya ce ruwan sama ne ya same shi. Sai Annabi ya ce masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ku duba da kyau. Mutumin nan bai sa hannu a aljihun kowa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Ɗalibin da ya kwafi amsar wani, ko ya shigo da ita a naɗe, shi ma abin da ya yi ke nan: ya ɓoye rashin saninsa a ƙarƙashin sanin wani, ya miƙa wa malami ya ce ga abin da ke kaina.

Idan ka zauna da malaman jami'a, bakinsu bai zo ɗaya ba kan yadda za a yi da wannan ciwo. Akwai masu cewa duk wanda aka kama a kore shi, ba sani ba sabo. Akwai waɗanda suka gaji, su kan ce: "Malam, in ka kama yaro kai ka kama kanka." Suna nufin sai ka cike fom, ka nemo mai sa hannu, ka je gaban kwamiti bayan watanni, a yi ta yi maka tambayoyi kamar kai ne mai laifin, wani lokaci ma a bi ka da saƙon barazana a waya. Don haka su kan karɓe takardar satar su yayyaga, su ce wa yaron ya ci gaba da rubutunsa. Akwai kuma masu ɗora laifin kan halin da karatun ya shiga: ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 a 2022, aka dawo aka matse zangon karatu, aji ɗaya ɗaruruwan ɗalibai, na baya ko muryar malami ba ya ji. Kowace magana a cikin waɗannan da ƙamshin gaskiya, kuma ban raina gajiyar kowa ba. Sai dai abin da nake gani, duk mun tsaya kan tambayar me za a yi wa yaron, mun manta da tambayar da ta fi nauyi: wa ake zalunta?

Wanda ake zalunta ba ya cikin ɗakin jarrabawa. Yana can gida bai ma san ana yi ba. Matar nan ce ta Illela ko Tangaza da za a kawo asibiti da dare tana naƙuda, a miƙa ta ga ma'aikacin jinyar da ya haye darasin lissafin magani da amsar maƙwabcinsa. Yaran firamare ne da za a tura wa malami mai takardar NCE wanda ba ya iya rubuta wasiƙa. Maraya ne da za a kai shari'ar gadonsa gaban wanda ya sayi sakamako. Waɗannan mutane ba su da hanyar gwada ilimin likita ko alƙali. Takarda suka gani suka yarda, kuma mu ne muka sa hannu a takardar. Duk makin da malami ya rubuta shaida ce yake bayarwa cewa wane ya san abu kaza. In ya san ba haka ba ne ya rubuta, to ya duba inda Annabi (SAW) ya ajiye shaidar zur: cikin mafi girman manyan zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye, har ya tashi zaune daga kishingiɗe yana ta maimaita ta. Kuma Bukhari ya ruwaito cewa idan aka danƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba, to a saurari tashin Alƙiyama. Ta ina ake fara danƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba? Daga teburin da ake duba takardun jarrabawa.

Ɗalibai na ɗauka ba ma ganewa. Wallahi muna ganewa. Kana duba takardu da dare, sai ka ci karo da kuskure a lissafin wani, ya rubuta 7 inda ya kamata ya rubuta 1. Ka ɗaga ta gaba, ga 7 ɗin nan. Ta bayanta ma haka, har ka ƙare layin da suka zauna, kowa ya ɗauko kuskuren ya kai shi ƙarshen shafi bai ji wani abu ya yi masa karo ba. Ba fushi ne ke fara kama mutum ba a wannan lokacin, baƙin ciki ne. Domin a cikin sunayen akwai yaron da ka san yana da ƙwaƙwalwa, wanda da ya dogara da kansa da ya fi wanda ya kwafa daga gare shi.

Mai leƙen takardar maƙwabci kuwa, wanda yake jira sai mai gadin jarrabawa ya juya baya, ya tuna da faɗin Allah a Suratu Gafir, aya ta 19, cewa Yana sanin yaudarar idanu da abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Shi kuma mai karkata takardarsa don aboki ya gani, yana ganin zumunci ne, to Allah Ya ce a Suratul Ma'ida a taimaki juna kan aikin alheri da taƙawa, kada a taimaki juna kan zunubi da ƙetare iyaka. In kana ƙaunar abokinka, ka zaunar da shi mako biyu kafin jarrabawa ka koya masa. Wannan shi ne taimakon da ake samun lada a kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kundin kammala digiri. A je shagon kwamfuta a sayi aikin da wani ya yi a wata jiha, a canza sunan ƙaramar hukuma a bangon farko. Na taɓa riƙe kundin da aka ce an yi bincikensa a nan jiharmu, ina isa babi na huɗu sai ga sunan wani gari na kudu da aka manta ba a goge ba, da sunayen unguwanninsa. Yanzu kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, sai a ce wa na'ura ta rubuta, ta jero sunayen littattafan da wasunsu babu su a duniya, ɗalibi ya buga ya sa sunansa, har ya rubuta a shafin farko cewa aikin nan nasa ne. Amfani da na'ura don fahimtar darasi ba laifi ba ne, kayan aiki ne. Laifin shi ne ka ce naka ne alhali ba naka ba ne. Annabi (SAW) ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya, kuma Suratu Ali Imrana, aya ta 188, ta yi kashedi ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba.

A ce a Sakkwato ake wannan! Garin da Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, yake kwance. Duk wanda ya buɗe rubuce-rubucen Shehu da ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san yadda suke yi: su ce malam wane ya faɗa a littafi kaza, su kawo maganarsa, in ta ƙare su rubuta "intaha" don mai karatu ya san inda maganar wani ta tsaya, inda tasu ta fara. Malam Abdullahi littafi guda ya ware, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowannensu. Ba Turawa suka koya mana jingina magana ga mai ita ba. Tun zamanin magabata Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jero waɗanda aka karɓo magana daga gare su, yana daga cikin addini. Jami'ar da aka kafa a garin nan a 1975, aka mayar mata da sunan Shehu a 1988, takenta ma "Iqra" ne. Wannan gado nauyi ne a kan duk mai karatu da mai karantarwa a wannan ƙasa, ko wace makaranta yake.

Sai maganar alfarma, wadda ita ce ke karya gwiwar malamai fiye da komai. An kama yaro da rana, kafin magariba an yi sallama a ƙofar gidanka. Dattijo ne sa'ar mahaifinka, da rawaninsa, ya zauna kan tabarma ya ce: "Malam, yaron ga namu na, a yi mai rangwame, shekara tai ta ƙarshe ta." Mu mutane ne masu kunya da kara, kallon idon babba ka ce a'a ba abu ne mai sauƙi ba. Amma Baba, don girman Allah, ka tuna akwai wani yaron da aka kama a ɗaki ɗaya da naka, ɗan manomi daga ƙauye, wanda ba shi da wanda zai yi masa sallama a ƙofar kowa. In an saki naka an kori wancan, me za mu ce wa Allah? Lokacin da Usama ɗan Zaid ya je ceton matar nan ta ƙabilar Banu Makhzum da ta yi sata, Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da hukunci. Satar amsa ba haddi ba ce, hukumar makaranta na da damar sassautawa in ta ga dalili. Amma sassaucin ya zama na kowa, ta ƙofar da kowa zai iya shiga. In za ka roƙa wa ɗanka wani abu, roƙa masa damar maimaita kwas ɗin da gaskiya.

'Yan'uwana malamai, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ba ya shiga aji sai saura mako uku ya zo ya zazzage darasin zango guda, sannan ya tsawwala tambaya, ya sani ya tauye mudu, kuma Suratul Muɗaffifina ba 'yan kasuwa kaɗai take nufi ba. Wanda ya ce sai an sayi takardar darasinsa kafin a ci jarrabawarsa, da wanda ya karɓi kuɗi ya gyara maki, da wanda bai karanta kundin ɗalibinsa ba ya sa hannu, ba su da bakin yi wa yaro wa'azi. Wanda kuwa ya mayar da maki tarkon 'ya'yan mutane mata, wannan ya haɗa cin amana da zalunci da fasadi, kuma yin shiru a kansa don abokin aiki ne shi ma laifi ne. Ƙarancin albashi gaskiya ne, muna cikinsa, amma bai halatta wa kowa sayar da shaidarsa ba.

Doka kam akwai ta. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, ta 1999 ta sa shekara 4 ba zaɓin tara ga malami ko mai gadin jarrabawa da aka samu da hannu a maguɗi. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Duk da haka abin bai mutu ba, domin doka na tsare ƙofa ne, ba ta shiga zuciya.

Ɗana ɗalibi, 'yata ɗaliba, na san tsoron da ke ranku. Ana tsoron kwas ya dawo, abokai su tafi bautar ƙasa a bar mutum, ga kuɗin rajista da mahaifi ya sayar da buhun gero ko tunkiya ya biya. Wannan tsoro ba abin dariya ba ne. Amma Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, an ruwaito an yi masa tambayoyi 48 ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba", kuma hakan bai rage masa daraja ba. Gurbin da ka bari fari a takardarka "ban sani ba" ne, kuma gaskiya ce. Rubuta iyakar abin da ka sani. In ka faɗi ka maimaita, shekara ɗaya ce ta tafi, ita kuwa takardar da za ka ci abinci da ita, ka yi aure da ita, ka ciyar da 'ya'yanka da ita, ta fito da tsarkinta.

Wanda kuma ya riga ya wuce ta wannan hanya, yanzu yana aiki, zuciyarsa na damunsa, kada Shaiɗan ya ɗebe masa tsammani. Ya tuba tsakaninsa da Allah, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. An tambayi Shaikh Abdul'aziz bin Baz game da irin wannan, ya ba da fatawa cewa mutum ya tuba, kuma matuƙar yana tsayuwa da aikin yadda ya kamata, babu laifi a kan abin da yake samu. To sharaɗin ke nan, iya aikin. Ka san darussan da ka haye ba ka sani ba, kai kaɗai ka san su. Koma ka nemo littattafansu, ka sami wanda ya fi ka sani a wurin aikinka ka ce ya koya maka, ko da ƙaninka ne. In kuwa aikin na rayukan mutane ne, kamar ba da magani ko lissafin ƙarfen gini, kada ka sa hannu kan abin da ba ka da tabbas a kansa sai ka tambaya.