"Ni Za Ka Koya wa Tuƙi?"

Shekaranjiya da daddare wani abokina ya rage mini hanya. Muna tafe yana ta hamma, yana murza ido, har ya sauke gilashi wai iska ta buge shi. Sau biyu taya na taka bakin titi yana fizgo sitiyari. Na ce, "Malam, barci kake ji, mu tsaya." Ya harare ni ya ce, "Shekarata 15 ina tuƙi, ni za ka koya wa?" Wallahi har yanzu ban huce ba.

'Yan'uwana matasa, wannan ji da kai shi ke cinye mu. Barci ai bai san gwani ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ka yi gyangyaɗin daƙiƙa 4, ka wuce mita 100 babu mai riƙe da motar, ga 'ya'yan mutane a bayanka.

Amma wa zai amsa cewa bai kamata ya yi tuƙi ba? Wani ya san ba ya gani sosai da dare, fitilar mota mai zuwa na kashe masa ido, ya ƙi tabarau kada a ce ya tsufa. Wani ya sha maganin mura mai sa barci, ya ɗauki makulli. Wani ya fito gida da ɓacin rai, ya huce a kan totur. Masu latsa waya ana tafiya kuwa, har da ɗaukar bidiyo don a yaba, ku ji tsoron Allah!

A 1981 wani masani ɗan Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi direbobi yadda suke ganin iya tuƙinsu, kashi 93 cikin 100 na Amurkawan da ya tambaya suka sa kansu a sahun waɗanda suka fi iya tuƙi. Kowa gwani, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙirga kusan mutum miliyan 1.19 da ke mutuwa a hanya duk shekara. In abu ya faru kuma sai a ce birki ne, hanya ce, wancan direban ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ka tambayi kanka ko kana cikin halin da za ka iya tuƙi kafin ka tayar da mota, ka kuma amsa tsakaninka da Allah. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Direbobin da muka taso muka gani, in barci ya zo sai dattijo ya gangara gefe, ya kashe mota, ya ce, "Ku yi haƙuri, idona ya yi nauyi." Ba ya jin kunya, ba mai raina shi. Yau yaron da ya karɓi lasisi jiya ma ba ya jin magana.