Ɗigon da Ya Ƙi Ƙetare Tiyo

Duk safiya kafin in hau Gadar Kennedy ta birnin Yamai zuwa unguwar Harobanda, sai na wuce wani ga-ruwa yana tura kura mai jarka goma cikin rairayi, ko kofi ɗaya ba ya zubarwa. Ni kuwa mako uku cur na yi ina kokawa da ɗigon da ido ba ya gani, na kasa kai shi nisan taƙi guda.

Malaminmu ne ya dawo daga Faransa da 'yan faranti biyu na wata roba garai-garai da ake kira PDMS, an manna su a kan gilashi, kowane bai fi kwalin ashana ba. A cikinsu akwai hanyoyin ruwa masu faɗin mikiromita 100, kusan kaurin gashin kai ke nan. A na farko, mai ne ke gudu a hanya, ruwa ya leƙo daga gefe, man ya dinga tsinka shi kamar mai ƙosai tana saka ƙullu a kasko. Kowane ɗigo wajen rabin nanolita. Ɗigo ɗaya na maganin ido ya fi irinsu dubu 50. Aikina kawai in haɗa farantan da siririn tiyo, ɗigogin su bi layi su shiga na biyu. Na ce ai wannan kafin azahar na gama.

Ranar farko na manta ban zuba wa man sinadarin nan mai kama da sabulu ba, wanda ke hana su haɗewa. Suna isa bakin tiyo, inda hanya ta buɗe gudu ya ragu, sai suka rungume juna kamar dangin da suka haɗu a gidan biki, suka koma ƙaton ɗigo ɗaya. Kashegari kumfar iska ta maƙale a mahaɗa. Ita iska matsuwa take yi, ba kamar ruwa ba: ka tura, shiru, ka ƙara turawa, shiru, sannan komai ya kwaso a guje. Ƙurar hunturu ma ba a bar ta a baya ba, ƙwaya ɗaya ta toshe mini hanya kwana biyu.

Ran wata Juma'a abin ya yi. Ga su nan a madubin ƙara girma, shuɗaye don na sa wa ruwan launi, suna tafe ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Na ruga na kira Malam. Ya shigo cikin farar shadda, ya sunkuya zai duba, sai aka ɗauke wuta. Injin da ke tura sirinji a hankali ya tsaya cak.

Maimakon in haƙura, sai na zare sirinjin na danna da babban yatsa. Hanyar da ba ta fi gashi ba ina za ta ɗauki ƙarfin Bahaushe da ya sha fura? Tiyo ya fizge daga raminsa, fyat!, shuɗin ruwa ya zana layi daga wuyan rigar Malam har aljihu.

"Malam, Allah ya huci zuciyarka," na ce, murya na rawa.

Ya daɗe yana kallon ƙirjinsa. Saura rabin awa a tada salla.

"To, madalla," in ji shi. "Yau dai ruwanka ya isa wani wuri. Je ka samo mini aron riga."