Rigimar filta a dongul: ana barin jaki ana dukan taiki

Jiya da tsakar dare wani ƙanena ya turo min saƙo: "Yaya, wace filta zan sa a dongul ɗina? An ce ta uku ta fi taushi." Na ce masa ya je ya kwanta. Da gari ya waye na ga gara in ba da amsar a nan, don na san ba shi kaɗai abin ya hana barci ba.

Tun da Apple ta cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, Samsung ma ta bi sahu a Note 10 a 2019, mutane suka koma ga dongul, wato ɗan abin nan da ake sokawa a ramin caji a jona iyafis. A cikinsa akwai cif ɗin da ke juya lambobi su zama sauti, wato DAC, da ɗan amfilifaya mai tura sautin zuwa kunne. Masu Tecno da Infinix da yawa raminsu na nan daram. In kana cikinsu, kuma iyafis ɗinka na talaka ne irin nawa na da, riƙe kuɗinka.

To, filta. Waƙa mai ingancin faifan CD ana yanka ta sau 44,100 a kowace daƙiƙa, don haka iyakar siririn sautin da za ta iya ɗauka shi ne haz 22,050 (haz shi ne ma'aunin yadda sauti ya kai siriri). Aikin filta kawai share dattin da ke saman wannan iyakar. Duk bambancin da ake ta musu a kai yana faruwa ne can wajen haz 20,000, inda kunnen yaro ma ya ƙure. Mu da muka haura arba'in, muka kuma sha ƙarar janareta da lasifikar biki, in mun ji 16,000 sai mu gode wa Allah.

Cif ɗin CS43131 na kamfanin Cirrus Logic, wanda ke cikin dongul irin su Moondrop Dawn Pro da FiiO KA13, filta biyar gare shi: biyu masu yankewa nan take, biyu masu yankewa a hankali, sai ta biyar da ake kira NOS, wadda ba ta yin irin tacewar sauran. Ita wannan ta biyar ce kaɗai zan yarda mai kunnen ƙuruciya zai iya kamawa, don tana rage saman sauti da kusan desibel 3 a haz 20,000. Na taɓa sa abokina ya riƙa sauya min su ina juya masa baya. Wallahi canki-canka na yi ta yi, alhali kafin nan zan iya rantsuwa ina jin bambanci. Dongul ɗin DragonFly Cobalt da ya fito a 2019 a kan kusan dala 300 ma filta ɗaya tak ya zo da ita, ba zaɓi.

Abin da kunne ke ji da gaske shi ne ƙarfi da tsabta. Ɗan farin dongul ɗin Apple na dala 9 sautinsa tas ne, amma samfurin Amurka yana ba da bolt 1, na Turai kuwa rabin haka, kuma a wayoyin Android da yawa sai ka ƙure murya ka ji kamar daga rijiya. Ramin hedifon mai faɗin milimita 4.4 da ke jikin wasu dongul, mai ba da bolt 4, da ake ta yayi, sai mai babban hedifon irin Sennheiser HD 600 mai om 300 zai ci moriyarsa. A ƙaramin iyafis mai saurin ji, abin da za ka saurara shi ne "shiii" ɗin nan idan waƙa ta tsaya.

Sai ƙarko, wanda ba wanda ke zancensa sai abu ya mutu. Dongul biyu suka mutu a hannuna, duka ba cif ne ya lalace ba: igiyar ce ta karye daidai wuya, saboda lanƙwasar aljihu a cikin adaidaita sahu. Tun daga nan ba na sayen wanda igiyarsa ba ta cirewa. In ta tsinke, ka canza ta da 'yan kuɗi kaɗan, shi ke nan. Ka kuma sani ba shi da batirin kansa, cajin wayarka yake sha, kuma masu ƙarfin suna ɗaukar zafi, ga rana irin ta Afrilu, ga wuta ba tabbas. Lokacin hunturu kuma in ya fara yankewa, kafin ka zarge shi leƙa ramin cajin, sau da yawa ƙura ce ta cushe.

A kasuwa a yi hattara da masu arhar nan da ba cif a cikinsu sam, igiya ce zalla. Wasu wayoyin suna karɓarsu, wasu ko motsi ba za su yi ba. Gwada a wayarka kafin ka bar gaban shago.

Shi kuma ƙanen nawa na ce ya bar filtar da abin ya zo da ita. In taushi yake so, ya ɗan rage saman sauti a ikwalaiza, ko ya canza robar bakin iyafis ɗin. Ɗazu ya sake turowa wai ya gwada robar, yanzu kuma tambayarsa wace roba ce ta fi.