Wanda ya fara ɗaga waya ba lallai shi za a yi wa tambayoyi ba

Duk hukumar da ke son auna buƙatun jama'a a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ta wayar tarho, ya kamata ta fara tsayar da yadda za ta zaɓi mutanen da za a ji ta bakinsu, domin yawan amsoshi ba ya gyara karkataccen zaɓe. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi sama da miliyan 2, akasari daga sunayen da ta tsamo a kundin lambobin waya da rajistar motoci, ta yi hasashen shugaban ƙasar, Franklin Roosevelt, zai sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa, sai ga shi ya lashe zaɓen da gagarumin rinjaye.

Shi ya sa na fi amincewa da a bar kwamfuta ta harhaɗa lambobi a makance, har da na wayar hannu, maimakon dogaro da jerin sunayen da wani ofishi ya ajiye.

Inda aka fi yin sake shi ne bayan an ɗaga wayar. Mai fama da ciwon damuwa sau da yawa yana kallon waya tana ƙara har ta katse, wanda ya ɗauka kuwa galibi shi ne mai kuzarin gidan. Tsarin da masanin ƙididdiga Leslie Kish ya fitar a 1949 yana buƙatar a lissafo manyan gida gaba ɗaya, maza da mata da shekarunsu, sannan a fitar da mutum ɗaya. Tsari ne mai inganci, amma baƙuwar murya da ke tambayar mata nawa ne a gidan tana sa mutane kashe waya. Tsarin neman wanda ranar haihuwarsa ta wuce kwanan nan a cikin manyan gidan ya fi sauƙi, sai dai mai ɗaga wayar yakan ce "ai ni ne" don a gama da wuri. Duk da wannan rauni na fi karkata gare shi, muddin za a sake kira da safe, da yamma da ƙarshen mako har a samu wanda zaɓen ya faɗa kansa. Wannan naci ya zama dole, ganin cewa masu amsa binciken jin ra'ayin jama'a da cibiyar Pew ta Amurka ke yi ta waya sun ragu daga kashi 36 cikin ɗari a 1997 zuwa kashi 6 a 2018.

Marasa matsuguni, fursunoni da waɗanda ke kwance a asibiti kuwa waya ba ta kai musu, alhali buƙatarsu na da girma. Wajibi ne rahoton ya faɗi ƙarara cewa ba a ji ta bakinsu ba, kuma a ware kuɗin zuwa gare su ido da ido.