Formula 1 a Shanghai: Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Tun da aka sanar a watan Disamban 2024 cewa an tsawaita yarjejeniyar tseren Formula 1 na Shanghai zuwa 2030, masu sharhin kasuwancin wasanni suka kama waƙa ɗaya suna ta rerawa, wai tseren motoci ya ci kasuwar ƙasar Sin da yaƙi. Hujjarsu ba ta wuce biyu ba: mutum kusan 200,000 da suka halarci tseren watan Afrilun 2024 cikin kwana uku, da masoya sama da miliyan 150 da masu gasar suka ce suna da su a ƙasar. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lokacin da aka zaɓa don wannan guɗa. Makonni kaɗan kafin sanarwar, ƙungiyar Sauber ta sallami Zhou Guanyu, ɗan ƙasar Sin tilo da ya taɓa samun kujerar dindindin a gasar. Ana ɗaga kofin murnar kama kasuwa, shi kuwa yaron da jama'ar kasuwar suka fito kallo yana haɗa jakarsa.

Kada ma a dame mu da zancen miliyan 150. Wanda ya taɓa danna bidiyon haɗarin mota a wayarsa sau ɗaya, in an ga dama shi ma sai a kira shi masoyi. Lissafin da ya daɗe yana ruɗin manyan ofisoshin wasanni na Landan da New York shi ne: mutum biliyan 1.4, in kashi ɗaya cikin ɗari suka sayi hula ko riga, ai kakarmu ta yanke saƙa. Lissafin dokin Rano ke nan. An yi shi a ƙwallon ƙafa, an yi shi a ƙwallon kwando, an yi shi a tanis, kuma duk wanda ke bin labarai ya san yadda aka kwashe.

Shi kansa filin Shanghai ba jiya aka haife shi ba. A 2004 aka buɗe shi a gundumar Jiading, kan wata fadama da aka cike, bisa zanen Bajamushen nan Hermann Tilke, wanda ya lanƙwasa titin ya yi kama da harafin farko na sunan birnin a rubutun Sinanci. Rubens Barrichello na Ferrari ne ya ci tseren farko. A nan Michael Schumacher ya yi nasararsa ta 91 kuma ta ƙarshe a 2006. Da ɗokin sabon abu ya kwanta, sai kujeru suka fara zama wayam, har ta kai an lulluɓe wani sashe na wurin zaman 'yan kallo da allunan talla don kada idon kyamara ya tona asiri. Manajan da ya yi ruwa ya yi tsaki wajen kawo gasar, Yu Zhifei, ya ƙare a gidan yari a 2008 kan almubazzaranci da dukiya. Shekara ashirin ana wannan hidima, direba nawa ta haifar? Ɗaya. Shi ɗin ma ba a gida ya girma a harkar ba. Gaskiya ne Zhou yana ɗan shekara 5 ya kalli tseren 2004, amma da iyayensa suka ga da gaske yake, sai suka kai shi Sheffield ta Ingila a 2012, domin a can tsanin yake, daga ƙananan motocin tseren yara har zuwa manya. Haka Ye Yifei, wanda a watan Yunin 2025 ya zama ɗan Sin na farko da ya ci tseren awa 24 na Le Mans: a Faransa ya yi ƙuruciyar tserensa.

Ku tuna ranar tseren 2024. Max Verstappen ne ya zo na ɗaya, amma ba shi jama'a suka miƙe wa ba. Zhou ya ƙare na 14, ko maki ɗaya bai samu ba, ya fito daga mota ya tsuguna yana kuka, filin kuwa ya ɗauki sowa. Duk mai ido ya ga abin da mutane suka biya kuɗi don gani. Za a ce ai a 2025 ma filin ya cika alhali Zhou ba ya kan titi. Ya cika mana, bayan shekara huɗu da korona ta hana tseren, ga kuma Lewis Hamilton sabon shiga jar rigar Ferrari. A jira ɗokin ya huce kamar yadda ya huce a baya, sannan a zo mu ƙirga kujeru.

Mu nan ba baƙin wannan labari ba ne, don da 'yan ƙwallon ƙafarmu aka buga shi. Yakubu Aiyegbeni ya je Guangzhou R&F a 2012, Obafemi Martins ya je Shanghai Shenhua a 2016, sai 2017 Mikel Obi ya nufi Tianjin, Odion Ighalo kuma Changchun Yatai a kan fam miliyan 20. A wannan lokaci ne Shanghai SIPG ta zube kusan fam miliyan 60 ta ɗauke Oscar daga Chelsea, Carlos Tevez ya je ya kwashi albashin da ba a saba ji ba ya koma gida bayan shekara guda. A majalisun kallon ƙwallo na Kano da Kaduna har musu ake yi kan ko gasar Sin za ta ture ta Ingila. Daga ina kuɗin ya fito? Ba daga aljihun 'yan kallo ba. Majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da takarda a 2014 tana son harkar wasanni ta kai darajar yuan tiriliyan 5 kafin 2025, kowa ya san Shugaba Xi Jinping mai son ƙwallo ne, sai manyan 'yan kasuwa, galibi masu gine-gine, suka yi ta zuba kuɗi don a gan su a inda ake so a ga mutum. Da kasuwar gidaje ta durƙushe, ƙwallon ya bi ta.

Ƙungiyar Jiangsu ta ci kofin ƙasa a watan Nuwamban 2020, a watan Fabrairun 2021 kamfanin Suning da ya mallake ta ya rufe ta. Zakara sukutum, wata uku tsakani. Guangzhou ta kamfanin gine-gine na Evergrande, mai kofin ƙasa 8 da kofin zakarun Asiya na 2013 da 2015, ta faɗi zuwa ƙaramin aji a 2022, a watan Janairun 2025 ta watse. Suning ɗin nan ya rasa Inter Milan a 2024 saboda bashi. Tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Chen Xuyuan, ya sha ɗaurin rai da rai, tsohon kocin ƙasa Li Tie, wanda ya taɓa buga wa Everton, ya sami shekara 20, duk kan cin hanci. Tawagar ƙasar kuwa tun 2002 rabonta da gasar cin kofin duniya, kuma ko da aka faɗaɗa ta 2026 zuwa ƙasashe 48, ba ta sami gurbi ba. Zanen aro dai bai rufe katara ba.

Masu kare Formula 1 za su ce nasu daban ne, su ba sa sayen 'yan wasa, kuɗin karɓar baƙuncin tsere kawai suke amsa. To ai nan gizo ke saƙa. Wanda ke biyan kuɗin nan hukuma ce da kamfanonin da ke ƙarƙashinta, kuma a ƙasar Sin mabuɗin ƙofar kasuwar wasanni ba a hannun ɗan kallo yake ba. A watan Oktoban 2019 Daryl Morey, manajan ƙungiyar Houston Rockets ta gasar ƙwallon kwando ta NBA, ya wallafa saƙo ɗaya a Twitter yana goyon bayan masu zanga-zangar Hong Kong. Gidan talabijin na CCTV ya daina nuna wasannin NBA, shugaban gasar Adam Silver da bakinsa ya ce asarar ta kai ɗaruruwan miliyoyin dala, kuma sai 2025 aka sake buga wasan NBA a ƙasar, shi ma a Macau. Wata biyu bayan Morey, Mesut Özil na Arsenal ya yi magana kan halin da Musulmin Uyghur ke ciki a Sin, aka cire wasan Arsenal da Manchester City daga talabijin, kulob ɗinsa kuma ya yi maza ya tsame hannunsa. Hukumar tanis ta mata ta janye gasanninta daga Sin a 2021 kan batun Peng Shuai, 'yar wasan ƙasar da aka daina gani a bainar jama'a bayan ta zargi wani tsohon babban jami'i da cin zarafinta, ta dawo a 2023 ba tare da ta sami binciken da ta nema ba. Har Najeriya abin ya shafa: da Messi ya zauna a benci a Hong Kong a watan Fabrairun 2024, fushin da ya biyo baya ya sa aka soke wasan sada zumuncin Ajantina da Super Eagles da aka shirya a Hangzhou. Direba ɗaya ya furta kalmar da ba ta yi wa Beijing daɗi ba, za mu ga nauyin takardar 2030. Gasar Firimiyar Ingila ma ta taɓa riƙe irin wannan takarda, ta kusan dala miliyan 700 da kafar PPTV, a 2020 ta yage ta don an daina biya.

Abin da ya zauna da gindinsa a ƙasar Sin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙwallon kwando ya bunƙasa ne da Yao Ming ya je Houston a 2002. Tanis ya sami shiga da Li Na ta ci gasar Faransa a 2011, ya sake tashi da zinaren Zheng Qinwen a Paris a 2024. Wasan sunuka (snooker) ya bi sahun Ding Junhui tun 2005, har Zhao Xintong ya zama zakaran duniya a 2025. Sannan ga gasar ƙauyuka ta Rongjiang a lardin Guizhou, inda manoma da mahauta da malaman makaranta ke buga ƙwallo, ana ba wa zakara kyautar dabbobi, dubban mutane na tururuwa. A 2025 gasar biranen Jiangsu 13, ta 'yan sha'awa, ta riƙa tara sama da mutum 60,000 a Nanjing, a lardin da zakaran ƙwararru ya mutu don rashin mai riƙo. Sinawa ba su ƙi wasa ba. Nasu suke so su gani a ciki.

Ga kuma abin da masu guɗar ba sa so a taɓa: motar kanta. Tun 2009 Sin ce kasuwar motoci mafi girma a duniya, ana sayar da sama da miliyan 30 a shekara, kuma kusan rabin sababbin motocin shiga yanzu masu lantarki ne ko masu haɗa lantarki da fetur. A jerin kamfanonin da suka shirya wa sabon tsarin Formula 1 na 2026 akwai Audi, akwai Cadillac, akwai Honda da Ford, babu na Sin ko ɗaya. Ba don ba su san hanyar filin tsere ba. A Beijing aka yi tseren Formula E na motocin lantarki na farko a 2014, Lynk & Co ta kamfanin Geely ta ci kofunan duniya a tseren motocin gida, BYD mai ƙera motocin lantarki kuwa da ta tashi tallata kanta ga Turawa sai ta zaɓi gasar Euro 2024. Kasuwar da manyan masu ƙera motocinta ke kai kuɗin tallarsu wani wuri, da wane baki za a ce an kama ta?

In da gaske ake, a yanki wani abu daga kuɗin da ake amsa duk shekara a zuba shi a filayen tseren yara da ƙananan gasanni na cikin ƙasar, ta yadda ɗan talaka a Chengdu ko Wuhan ba sai ya yi ƙaura zuwa Ingila ba, a kuma daina kafa wa kamfanin Sin shingen kuɗi in ya nemi shiga. Ban ga alamar ana shirin yin ko ɗaya ba. A tseren Shanghai na watan Maris 2025 motoci 20 suka tashi, Oscar Piastri ɗan Ostireliya ya ci, Zhou Guanyu kuma yana cikin tawagar Ferrari a matsayin direban ko-ta-kwana, yana jiran wani ya yi rashin lafiya.